Ba Gajiya

A tasha babu wanda ya san shi da wani suna sai Sannu-Sannu. Sunan daga bayan motarsa ya samo shi, wata doguwar bas mai ruwan ƙasa, inda ya sa mai fenti ya rubuta masa "Sannu ba ta hana zuwa" da manyan baƙaƙe. Fasinjojin da zama ya ishe su su ne suke ƙarasa masa karin maganar daga kujerun baya, wai sai dai a daɗe ba a je ba. Shi kuwa ko a jikinsa. Yakan ce duk mai sauri ya sauka ya yi gaba, za su tarar da shi a hanya.

Aikinsa guda ne tun gashinsa na baƙi har ya yi fari fat: ya ɗauki mutane daga birninsu zuwa wani babban birni a ƙasar da ke maƙwabtaka da su, ya sauke, ya huta, ya loda ya juyo. Tafiyar kwana biyu ce in taya ba ta yi faci ba, in kuma ma'aikatan kan iyaka sun tashi da fara'a. Ya san hanyar kamar yunwar cikinsa. Ya san kwanar da ke cin masu gaggawa, da gadar da sai an lallaɓa ake hawa, da mai shayin da ke wanke kofi da wanda sai dai ya tsoma ya fitar.

Abin da Allah bai ba shi ba shi ne saurin baki. In ka tambaye shi wani abu yau a tsakar gida, sai dai ka dawo gobe ka karɓi amsa. Matarsa takan ba yara labari cewa ranar da ya zo neman aurenta, har ruwan da aka kawo masa ya huce bai wuce gaisuwa ba, sai da ya je tafiya ya dawo sannan ya kawo sauran maganar. Ba ƙarya ta yi masa ba. A kan sitiyari kawai kansa yake aiki. Da zarar injin ya daidaita murya, gari ya koma baya, sai magana ta fara zuwa masa ɗaya bayan ɗaya. Kafin su kai kan iyaka ya zubar da duk kalmar da fushi ya kawo, kafin su hau gada ya san da me zai fara, kafin su hango fitilun birnin ya san inda zai yi shiru ya bar mutum ya huce. Shi ya sa duk dangi shi suke aikawa da maganar da ta yi nauyi. Mutumin da ba ya iya ƙin tayin ɗan talla a ƙofar gida ya sasanta aure fiye da yadda zai iya tunawa.

A wancan birnin Yayarsa take. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta koya masa ɗaura maɓallin riga, har yau kuma Auta take kiransa duk da furfurarsa. Ta auri wani mai gyaran rediyo ɗan can ƙasar ta bi shi tun Sannu-Sannu bai fara aske gemu ba. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mijin ya rasu ta ƙi dawowa, ta kafa ɗan tebur a ƙofar ɗakinta tana sayar wa teloli zare da maɓalli da zif. Idan aka tambayi Sannu-Sannu me ya sa duk hanyoyin duniya wannan ya zaɓa, sai ya ce kwaltarta ta fi kyau. Duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya san babu kwalta mai kyau a wannan hanya.

Daga baya sai bayansa ya ƙi. Ya fara da ɗaura zani a ƙugu, ya koma saka matashi a kujera, har ranar da ya kasa saukowa daga mota sai da aka kama shi. Likita ya ce ya zaɓa, ko sitiyari ko ƙafafunsa. Ya sayar da motar ya dawo gida, ya zama mai gadin inuwar bishiyar ƙofar gidansa, yana sauraron motocin da ke wucewa yana faɗa wa matarsa wacce ce ke bukatar juyen baƙin mai. Tun daga nan bai sake zuwa wajen Yaya ba. Sukan yi waya, ta tambayi yara da jikoki ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ta ce yaushe za ta gan shi. Amsarsa kullum ɗaya ce, akwai nisa, bayansa ba zai ɗauki hanyar ba. Ciwon bayan gaskiya ne, babu mai musu. Amma ita ma gaskiya akan jingina da ita a yi barci, shi kuwa ya yi shekaru a jingine.

Wata safiya maƙwabciyar Yaya ta kira. Ta ce kada hankalinsu ya tashi, abin ya zo da sauƙi, amma Yaya ta zame a bakin famfo, ta kwanta a nan har sai da ita maƙwabciyar ta dawo daga kasuwa ta ɗaga ta. Ba karaya, targaɗe ne a hannu. Ta ƙara da cewa Yaya ta hana ta faɗa, don haka kada su ce daga bakinta suka ji.

Babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Nas saboda aikin asibiti take yi, ita ta yanke magana. Ta ce zaman Gwaggo ita kaɗai ya ƙare, a dawo da ita gida. Kafin yamma matarsa ta kwashe tarkacen ɗakin da ke kusa da bayi, ta share, ta sa labule. Aka kira Yaya aka gaya mata. Matar da ke jin faɗuwar allura a kan siminti sai ga ta tana cewa ba ta ji sosai, layin ba kyau, ta kashe wayar. Aka sake kira washegari, layin ya sake lalacewa daidai wurin. Kowa ya juya ya kalli Sannu-Sannu. Maganar ba ta waya ba ce, kuma in bai iya dawo da ita ba babu mai iyawa.

Ya ce zai je, ko da a kwance ne a kujerar baya. Nas ta ce ba da ita ba, a jirgin sama zai tafi. Ta buɗe wayarta ta nuna masa taswira, ga birninsu ga na Yaya, an ja wani ɗan layi miƙaƙƙe a tsakaninsu wanda bai kai tsawon ɗan yatsansa ba. Ta ce awa ɗaya ce da 'yan mintuna. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya duba, ya yi dariya. Ya ce wanda ya ja layin nan bai taɓa bin hanyar ba, ina gadar, ina kan iyaka, ina dutsen da ake zagayawa. Nas ta ce ai jirgi ba ya zagaya dutse, Baba.

Bai yarda ba. Shi ɗan tasha ne, ya san yadda ake faɗar lokaci. "Yanzu za mu tashi" na nufin bayan azahar, "saura mutum ɗaya" na nufin saura rabin mota, shi da bakinsa ya sha ce wa fasinja an kusa alhali ko rabi ba a yi ba. Ya ƙiyasta a ransa cewa awa ɗayar masu jirgi ba za ta gaza wuni ba. Wuni kuwa ya ishe shi ya haɗa maganar da zai tarar da Yaya da ita. Don haka a kwanakin da suka rage, da matarsa ta tambaye shi me zai ce mata, sai ya ce ta bar shi, yana da hanya a gabansa.

A filin jirgi bai samu ya yi tunanin komai ba. Nas na gefensa tana maimaita masa inda zai nuna fasfo da inda zai miƙa jaka, an sa shi cire agogo da hula, an karɓe masa 'yar wuƙar yankan farce da ta yi shekaru a aljihunsa. Zaman jira kuma ba ya kawo masa magana, sai ƙasa na gudu a ƙarƙashinsa. Ya zauna a kujerar roba yana kallon jirgin ta gilashi, yana mamakin ƙanƙantar tayoyinsa.

An ba shi kujera ta bakin taga. Da injin ya tashi ya karkata kunne ya saurara, ya gyaɗa kai, lafiyarsa ƙalau. Da jirgin ya fizga a guje ya ɗaga, ƙafarsa ta dama ta nemi birki da kanta, ya riƙe hannun kujera ya ce a ransa wannan direban ba ya tausayin mota. Can ƙasa gidaje suka ƙanƙance, ya nemi hanyarsa, ya ga wani siririn abu mai kama da ita yana lanƙwasa a cikin jan ƙasa, sai gajimare ya rufe. Ya gyara zama, ya sauke numfashi, ya ce to bismillah. Ya fara da "Yaya, kin san dai shekaru sun ja." Ya juya ta ya ga ba ta yi ba, Yaya za ta ce shekarun wa. Ya ajiye ta ya nemi wata.

Wata ma'aikaciya ta turo keken shayi, ya karɓi kofi ɗaya da ɗan burodi. Shayin da zafi, ya ajiye shi ya huce. Ya juya wajen mutumin da ke kusa da shi, wani mai kwat da tun tashinsu yake danna kwamfuta, ya tambaye shi ko sun kusa kan iyaka. Mutumin ya duba agogonsa ya ce ai tuni, Baba, mun daɗe da wucewa. Sannu-Sannu ya leƙa taga. Babu shinge, babu igiya, babu mai cewa kowa ya sauko da jakarsa. Wurin da yakan yi rabin wuni a rana yana ba mutane haƙuri an tsallake shi yana hura shayi.

Bai kai ƙasan kofin ba aka ce a ɗaura bel za a sauka. Ya tsayar da ma'aikaciyar ya tambaye ta ko tsayawa za a yi a sha mai. Ta yi murmushi ta ce an iso. A nan ne ya tsorata fiye da lokacin tashin jirgin. Ga birnin Yaya a ƙarƙashinsa, shi kuma ko kalmar farko bai samu ba.

A tasi ya roƙi direban ya tafi a hankali. Da suka kusa unguwar ya ce a zagaya ta bayan kasuwa, da suka zagaya ya ce a sake. Direban ya kalle shi ta madubi ya tambaya ko ya manta gidan ne. Bai manta ba. An gina benaye inda da fili ne, an sare bishiyar da yake ajiye motarsa a ƙarƙashinta, amma lungun yana nan da kwatarsa da ƙarar kekunan ɗinki. Ya sauka ya ɗauki jakarsa.

Tana zaune a kan ɗan benci a bayan teburinta, ta juya baya tana ƙoƙarin buɗe kwalbar maɓalli da hannu ɗaya. Ɗayan hannun a naɗe yake da bandeji da ya yi dauɗa. Ga sanda a jingine da bango, ga bokiti da ruwa bai kai rabi ba a tsakiyar hanya, da alama nan ƙarfinta ya kai shi. Ta rame, wuyanta ya fito. Ya tsaya ya yi sallama.

Ta juyo ta daɗe tana kallonsa.

"Auta? Ba jibi ba?"

Nas ta gaya mata yau zai taso, ita kuma ta lissafa yadda ta saba lissafawa tun yana saurayi. Ya ga idonta ya kai kan sandar ya dawo, ya ga ta ja gefen mayafi ta rufe bandejin. Ya gane nan take cewa da jibin ya zo, da bai tarar da sanda ba, da ya tarar da ɗaki a share da randa a cike da Yaya a tsaye tana ce masa ga ta garau. Ta hau faɗa, wai wane irin zuwa ne wannan kamar na ɓarawo, ko ruwan zafi ba ta ɗora masa ba. Ta sa shi ya shiga ya zauna a kujerar mijinta. Ta biyo shi tana bin bango, don sandar dai ta ƙi taɓa ta a gabansa.

Sai da ta zauna ta gaishe shi yadda ya kamata. Ta tambayi matarsa da yara da jikoki, kowa da sunansa, sannan ta ce, "Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Ya faɗi wannan kalma a wannan ɗaki sau ba adadi, ƙafa a kumbure, ido ja wur, riga ta canza launi. Kowane zuwa takan ce ƙarya kake, ta tura masa bokitin ruwan zafi. Yau ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta tsaya. Ta dube shi daga hula har takalmi. Karin gugar matarsa na nan a hannun rigarsa bai ko lanƙwashe ba. Ta tambaye shi yaushe ya bar gida. Ya ce bayan ya karya. Ta leƙa ƙofa ta kalli inuwar katanga, ko azahar ba ta yi ba.

"Ashe nan da nan ne," in ji ta.

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Duk shekarun da ya yi yana ce mata nisa suka dawo masa lokaci guda. Kunya ta kama shi irin wadda rabonsa da ji tun yana yaro, ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa masu ƙyalli. Ya lalubi wata magana mai laushi da zai fara da ita, bai samu ba, don babu inda ya ajiye ta.

"Yaya, na zo in tafi da ke."

Haka ta fito, ba gaba ba baya. Ya jira faɗa. Sai ya ji ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Ta ce ta san abin da ya kawo shi, ta kuma san bakin da ya kai musu labari, za su haɗu. Ta ce ita ma ta fara tanadin amsoshin da za ta ba shi, masu kyau, amma ta bar sauran sai gobe, ga shi ya zo ya same ta da rabi. Ta kawo rabin. Kabarin mijinta a nan yake. Telolin lungun nan tun suna koyon aiki a wajenta suke sayen zare, wasunsu yanzu da jikoki. In ta je can wa ta sani, waɗanda ta sani duk sun riga ta. Ya saurara bai katse ta ba, ba don dabara ba, don bai zo da tanadi ba. Da ta gama, ta janye mayafin daga kan bandejin ta zuba wa hannun ido. Can ta ce, a hankali, ranar da ta faɗi ta ji ana kiran salla sau biyu tana kwance a ƙasa.

Ya tashi ya ɗauko bokitin ya kai famfo ya cika, ya juye a randa, ya koma. Bayansa ya yi ƙara, bai kula ba. Ya buɗe mata kwalbar maɓallin. Da wani tela ya zo neman baƙin zare shi ya miƙa masa, ta gyara masa cewa ba wannan ba, na ƙasa. Haka suka wuni, ba wanda ya sake tayar da maganar.

Washegari da hantsi yana zaune a bakin ƙofa ta kira shi ciki. Ta sauko da wani tsohon akwati daga kan kabad, ko ta yaya ta yi da hannu ɗaya, Allah masani. Ta ce za ta bi shi. Kafin ya gama hamdala ta ɗaga masa hannu. Ta ce amma ba a jirgi ba.

Ya fara ba ta baki, ya ce babu abin tsoro, zama ne kawai kamar a ɗaki, kafin ta gama shan shayi an iso. Ta ce ai abin da ta ƙi ke nan.

"Ta hanya na zo garin nan, Auta, ina kuka har kan iyaka. A nan na tsufa. Ba zan bar shi kafin shayi ya huce ba. Ina so in ga yana nisa."

Ya tsaya da hula a hannu. Ya san kowane rami da ke tsakanin nan da gida, ya san abin da kwana biyu a kujerar bas za su yi wa ƙugunsa, ya kuma san irin faɗan da Nas za ta yi. Yaya na kallonsa, ba ta ƙifta ba.

"Bayan naka fa?" ta ce. "Na ji an ce ba ya ɗaukar hanya."

"Zai ɗauka, Yaya."

Ta gyaɗa kai ta juya ta fara ninke zannuwanta. Shi kuma ya sa hularsa ya fita ya nufi tasha, ya kama musu kujeru biyu, tata ta bakin taga.